Fatalwar da Badaru Ya Aro a Doguwa

Duk wanda ya taɓa sauka a Kwanar Dangora neman maganin ciyawa ko irin masara, da wuya a ce bai shiga shagon Badruddeen ba. Dogo ne siriri mai tabarau, kowa Badaru yake ce masa. A da, in ka tambaye shi kuɗin kwalba ɗaya sai ya haɗa maka da tarihin ƙwarin da take kashewa, har ka manta motarka na jira. Yanzu ya rage surutu, wasu ma cewa suke yi girma ne ya zo masa. Ba girma ba ne. Aboki ya rasa, kuma da bakinsa ya rasa shi.

A Ba'awa aka haife shi, a gidan Malam Muhammad mai makarantar allo. Uban ya so a ce ɗan nan ya gaje shi, yaron kuwa ya yi karatu daidai gwargwado har ya sauke, amma zuciyarsa tana ɗakin kakarsa Balaraba. Tsohuwar nan ta iya tatsuniya. In ta ɗauko muryar Dodo, har manyan mata sai sun matso kusa da juna. Badaru bai iya ƙwallo ba, a gona kuwa kafin ya gama kunya ɗaya 'yan'uwansa sun yi uku, amma in aka zauna hira shi ne sarki. Balaraba takan ce, “Wannan jika nawa, da a ce da baki ake noma, da ya cika rumbu.”

Da ya tafi Zariya karatun koyarwa, sai wani ɗan ɗakinsu ya nuna masa wani wasa da ya koyo a waya. Mutum ɗaya ne mai jan labari. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya raɗa masa suna, ya ba shi sana'a da hali. Mai jan labari ya ce, “Kun iso ƙofar gida, a kulle take, me za ku yi?” Wani ya ce shi zai ɓalle ta. Sai ya jefa ƙwayar lido, in ɗigo mai yawa ya fito ƙofa ta buɗe, in kaɗan ne ya gurɗe kafaɗa. Ba a gama labarin a zama ɗaya, mako-mako ake ci gaba, wani lokacin har wata da watanni. Badaru ya buga 'yan lokuta kaɗan kafin ɗan ɗakin ya bar makarantar, amma abin ya riga ya shige shi. Tatsuniya ce da masu sauraro suke shiga cikinta da ƙafarsu, shi kuwa tun yana yaro abin da yake nema ke nan bai san sunansa ba.

Ya gama makaranta, aikin koyarwa bai samu ba, ya buɗe shago. Ya auri Ruƙayya, suka haifi Muhsina. Shekaru suna ta wucewa yana kallon masu wasan a waya in ciniki ya yi sanyi. Wanda ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne na ban tsoro, mai tsohon gida da aka gudu aka bari, da asirin zuri'a da aka binne, da mamacin da ya ƙi kwanciya. Duk wanda ya zauna a shagon sai ya sha bayani. Mutane su yi hamma, su tuna suna da uzuri. Mutum ɗaya ne bai taɓa tashi ba, shi ne Mas'ud.

Tun makarantar kwana a Tudun Wada suke tare. Mas'ud Bafillatani ne, danginsa suna noma da kiwo a gefen Kiru, shi kuma yana zaga rugage a babur yana tara madara, ya kawo Kwanar Dangora inda mota take ɗauka. In ya sauke jarkoki sai ya zo shagon ya zauna. Maganarsa ba ta cika cokali ba. Yana ce wa Badaru Kaɗo, Badaru yana ce masa Agwai, tsokanar da suka faro tun suna sanye da gajeren wando. Ranar da haihuwar Muhsina ta zo da gardama aka ce ana neman jini, Mas'ud ne ya miƙa hannu tun kafin a gama tambaya, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Badaru yana da abokan hira kamar ƙasa, amma aboki guda yake da shi, kuma shi ma ya san haka.

Mas'ud ɗin ne ma ya tunzura shi. Wata rana Badaru yana tsaka da bayani, sai Mas'ud ya katse shi. “Kaɗo, shekara nawa kana dafa mana tuwon nan da baki? Ka tuƙa mu ci mana.”

Badaru ya ji kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Nan da nan ya nemo mutum biyu, Sunusi mai faci da Imran malamin firamare, suka ce za su gwada ko don su huta da naci. Labari ya kai kunnen Malam Muhammad cewa ɗansa zai tara mutane ana jefa ƙwayar lido. Ya aika aka kira shi Ba'awa.

“Caca za ka buɗe mini a Kwanar Dangora?”

“Allah ya gafarta Malam, babu ko sisi a ciki. Labari ne kawai, ƙwayar kuwa raba gardama take yi.”

Malam yana jan carbi ya ce, “Ban da kuɗi, ban da wasa da salla. Kuma ban yarda da taron dare ba. Ku yi bayan la'asar, magariba ta same ku a masallaci.”

Ko ba don Malam ba ma, haka za a yi, domin Mas'ud yana da hanyar daji a gabansa, kuma a wannan zamani ba mai son dare ya yi nisa yana kanta. To, a nan gizo yake saƙar. Yaya za ka tsorata magidanta uku da rana ido na ganin ido, tireloli suna ta oda a titi, mai rake yana kiran ciniki a bakin ƙofa? Badaru ya ƙirƙiro wani gida mai bene da Dodo a ƙarƙashin ƙasa, ya ɗan gutsura wa Sunusi don ya ji ɗanɗano. Sunusi ya yi dariya har da riƙe ciki. “Wannan ai Muhsina za ka ba wa, ita ma sai in ta ga dama.” Dariyar nan ta yi wa Badaru ciwo fiye da yadda ya nuna. Ya yanke a ransa cewa ƙirƙira ba za ta yi ba, sai ya samo abin da mutanen nan za su ji a jikinsu cewa ya faru.

Ana cikin haka sai ga Bature, wani dattijo mai sayar da zuma daga Doguwa, ya shigo sayen maganin gara. Badaru ya ja shi da hira har ya tambaye shi ko a wajensu akwai wurin da mutane suke jin tsoro. Bature ya ce akwai wani kufai a gindin dutse. Wasu Fulani ne suka yi zaune a can shekarun baya, har suka gina ɗakuna suka haƙa rijiya. A cikinsu akwai wata mata, sunanta Baraka. Jaririyarta ta rasu, daga nan hankalinta ya taɓu. Takan zauna a bakin rijiya tana kaɗa nono a ƙwaryar da babu komai a ciki, tana kiran ɗanta. Da yake ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce, “Kai, wannan yaro.” Wata safiya aka same ta a cikin rijiyar, Allah kaɗai ya san yadda aka yi. Dangin suka kwashe suka bar wurin. Bature ya rage murya ya ce masu kiwo suna cewa har yanzu akan ji ƙarar maburgi in an wuce.

Tsigar jikin Badaru ta tashi, amma murna ce ta tayar da ita. Ranar da babu kasuwa ya hau babur ya nufi Doguwa, wani mai shanu ya nuna masa hanya. Ya tarar da bangaye sun zube rabi, tsamiya ta yi inuwa a kan rijiyar, an jera itatuwa an rufe bakinta, gara ta cinye wasu. Ya ɗauki hotuna, ya leƙa ta tsakanin itatuwan, ya jefa tsakuwa don ya ji zurfi. Ko addu'a bai yi wa matar ba, bai ma tuna ba. A hanyar dawowa ya yi tunanin sake mata suna, sai ya ga ai Baraka ya fi daɗin faɗa, kuma in wani ya bincika ya tarar gaskiya ne, tsoron zai ninku.

Baraka mahaifiyar Mas'ud ce, kuma shi ne yaron da take kira. Badaru bai sani ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Wane ɗa mai tarbiyya ne yake kama sunan uwarsa, balle Bafillatani? A duk zamansu, abin da Mas'ud ya taɓa faɗa bai wuce “tsohuwarmu ta rasu ina ƙarami” ba. Matar da Badaru yake durƙusawa ya gaisar a gidansu goggonsa ce da ta raine shi. Ya dai san asalinsu daga wajen Doguwa suka taso, amma Fulani nawa ne suka taso daga wajen Doguwa? Tambaya ɗaya da ta wadatar, sai dai shi a lokacin ba tambaya yake nema ba, abin tsoratarwa yake nema.

Akwai wadda da ta ji da ta tare shi, wato Ruƙayya, domin ita da Lubabatu matar Mas'ud ƙawaye ne na ƙut da ƙut, kuma abin da maza suke rufewa mata sun daɗe da buɗe shi a tsakaninsu. Amma ƙa'idar wasan ita ce mai jan labari ya riƙe sirrinsa, in 'yan wasa suka san abin da ke gaba, miya ta lalace. Saboda wannan ƙawancen ne ma Badaru ya ɓoye mata. Ta gan shi yana zane-zanen taswira, yana magana shi kaɗai a tsakar gida yana sirantar da murya, har ya ari ƙwarya da maburginta.

“Baban Muhsina, wai me ake ƙullawa ne haka? Ko fura za ka fara sayarwa?”

“Ke dai bari. In na gaya miki yau, gobe Lubabatu ta ji, jibi Agwai ya zo yana mini murmushi. Bakinku ba ya riƙe ruwa.”

Ta taɓe baki ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka taru a ɗakin ajiya da ke bayan shago. Badaru ya toshe taga da buhu, ya kunna 'yar fitila, ya shimfiɗa tabarma a tsakanin buhunan iri. Sunusi ya ce shi maharbi ne. Imran ya zaɓi malami mai ruƙiyya, wai ko da abin ya ɓaci. Mas'ud ya ce shi ba zai wahalar da kansa ba, makiyayi ne, saniyarsa ta ɓata yana nema. Badaru ya gyara murya zai fara, Imran ya ce, “A'a, babu ‘ga ta nan ga ta nanku’?”

“Wannan ba tatsuniya ba ce,” in ji Badaru. “Labari ne. Wurin yana nan, da ƙafata na je.”

Ya ɗauke su daga kasuwar Doguwa, ya bi da su hanyar daji a sawun saniya, hadari yana haɗuwa a kan dutse. Gaskiya dai, ranar Badaru ya nuna shi jikan Balaraba ne. Oda da hayaniyar titi duk suka ɓace musu. Ya kawo su ga bangayen da suka zube, ya kwatanta tsamiyar da reshenta ɗaya ya sunkuyo, da rijiyar da aka rufe da itatuwa. Sunusi, mai dariyar nan, ya ce maharbinsa zai ɗana bindiga tukuna. Imran ya ce malaminsa zai tambayi wani tsoho da suka gamu da shi ko gidan wane ne. Badaru ya ɗauko muryar tsoho ya ce, “Gidan su Baraka ne, wadda ta haukace ta faɗa rijiya.”

Mas'ud ya sunkuyar da kai. Ya sa yatsa yana bin saƙar tabarma, bai ƙara ɗagowa ba. Badaru ya lura, kuma ya ji daɗi. A ransa ya ce yau har Agwai ya shiga hannu, mutumin da ko maciji ya gani ba ya sauya tafiya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar Mas'ud tun yana yaro aka koya mata kada ta ba da amsa a gaban mutane. Tashi ya fita kuwa, ai shi ne faɗa wa Sunusi da Imran abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ya ci gaba da zama.

Badaru ya sa hannu a bayan buhu, inda ya ɓoye ƙwaryar, ya fara murza maburgi a hankali. Ƙarar ta cika ɗakin. Imran ya yi a'uziyya ta gaske, ba ta wasa ba. Sannan Badaru ya sirantar da murya, ya ja ta kamar daga ƙasan rijiya take fitowa.

“Kai, wannan yaro. Kai nake kira.”

Ya bayyana musu cewa tsohon ya gargaɗe su, duk wanda ya amsa kiran nan ba ya komawa gida. Kowa zai jefa ƙwaya a ga ko zuciyarsa za ta daure. Sunusi ya jefa, maharbi ya toshe kunne ya tsira. Imran ya jefa, malami ya kama karatu. Aka tura wa Mas'ud ƙwayar. Badaru ya juyo gare shi sosai, ya sake murza maburgi, ya sake kiran, har ya ƙara da nasa gishirin: “Tun safe nake kiranka, ina ka shiga?”

Mas'ud bai taɓa ƙwayar ba. Ya ce, “Na amsa.”

“Kai Agwai, jefawa za ka yi,” in ji Sunusi. “Mutuwa fa za ka yi tun ranar farko.”

“Ba sai na jefa ba. Na ce na'am, na tafi wurinta.”

Badaru bai shirya wa wannan ba, amma mai jan labari ba ya rasa ta cewa. Nan take ya ƙirƙiro yadda itatuwan suka buɗe, da hannaye masu sanyi da suka fito, da gashin da ya jiƙe ya rufe fuska, da dariyar da matar ta ƙyalƙyale da ita lokacin da ta ja makiyayin ƙasa. Har dariyar ya yi musu. Sunusi ya dafe kai, Imran ya ce shi kam ba zai ƙara bin gefen rijiya ba. Aka kira salla. Mas'ud ya miƙe ya ba kowa hannu, ya ce wa Badaru, “Sannu da ƙoƙari.” Ya yi magariba tare da su a sahu ɗaya, ya ɗaure jarkokinsa ya tafi.

Badaru ya shiga gida baki har kunne. Yanzu da kashi na farko ya wuce, ba sauran abin ɓoyewa, sai ya zauna yana cin tuwo yana ba Ruƙayya labari, har da kwaikwayon yadda Sunusi ya zare ido. Tana ta dariya har ya kai ga sunan. Sai ta ajiye ludayi.

“Wace Baraka? Ta wane kufai?”

Ya faɗa mata, da rijiyar da tsamiyar da komai.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baban Muhsina, a gaban Mas'ud ka yi wannan? Mahaifiyarsa ce fa.”

Ya ce ba zai yiwu ba, ai da ya sani. Ta ce, “Yaya sunan babbar 'yarsa?” Ya ce Ummi. Ta ce, “Ummi suna ne? Ba kai ne ka je raɗin sunan ba har ka kawo mini goro? Me liman ya faɗa?” Sai a lokacin ya tuna. Da kunnensa ya ji an ce Baraka, ya shafa fatiha tare da jama'a, kuma ya san sarai ba a ce wa yarinya Ummi sai in sunan uwar mai gida aka mayar. Daga ranar ba wanda ya sake kiran sunan, shi ma ya bar shi ya zube. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa wanda zai yi fushi da shi sai kansa.

Da safe bai buɗe shago ba, ya nufi gidan su Mas'ud. Ya same shi yana wanke jarkoki a gindin bishiya. Mas'ud ya tarbe shi kamar kullum, ya shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa, ina gajiya, ina iyali, yaya Malam, yaya shanu, aka sake zagayowa. Lubabatu ta aiko da fura da nono. Duk lokacin da Badaru ya buɗe baki zai shiga maganar, sai Mas'ud ya tura masa ƙwarya ya ce ya sha, ko ya tambaye shi kuɗin irin waken suya bana. A ƙarshe Badaru ya daure.

“Mas'ud, wallahi tallahi ban sani ba. Jiya Ruƙayya take gaya mini. Ka yafe mini don girman Allah.”

“Ba komai. Wasa ne.”

“Ba wasa ba ne. Ka zage ni ko ka mare ni, amma kada ka ce mini ba komai.”

Mas'ud ya ɗauraye jarka ya kife ta. Ya kalli inda 'yan maruƙa suke ɗaure, sannan ya ce, “Na san ba ka sani ba. Da ka sani ba za ka yi ba, wannan ban yi shakka ba. Amma in tambaye ka. Da an ci gaba da labarin naka, yaya ka shirya ƙarshensa?”

Badaru ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. Ya ce, “Na shirya za ku gano ba za ta huta ba sai an nemo ɗan nata an kawo mata shi.”

“To ka san tana da ɗa ke nan.”

“Mai zumar da ya ba ni labarin ya faɗa.”

“Ka tambaye shi ina yaron yake yanzu?”

“Ban tambaya ba.”

“Ka hau babur ka je har can,” in ji Mas'ud, muryarsa ba ta ɗaga ba. “Ka ga ɗakunan, ka ga rijiyar. Ka san mutane ne suka zauna a wurin, ba aljanu ba. Ko ba ni ba ne, ai wani ne.” Ya ɗauki wata jarkar, ya zuba ruwa, ya tsaya da ita a hannu. “Abu ɗaya zan gyara maka. Ba ta dariya. Kuma ba ta taɓa tsorata kowa ba, ko yaro. Ita ce kullum a tsorace.”

Iyakar abin da ya taɓa faɗa game da ita ke nan, kuma ko a nan bai kama sunanta ba. Ya raka Badaru har bakin hanya, ya ce a gaida Malam da mutanen gida.

Ba a yi zama na biyu ba. Sunusi da Imran sun yi ta tambaya, su a bar su a bakin rijiya haka? Badaru ya ce ciniki ya yi yawa, domin faɗa musu dalili tona asirin da ba nasa ba ne. Har yau Sunusi yana ba da labarin ranar a wurin facinsa, yana cewa bai taɓa jin tsoro irin na Barakar Doguwa ba, yana kwaikwayon dariyar, Badaru kuma ba shi da bakin hana shi. Ta haka fatalwar da ya aro ta shiga gari, ta bi motoci, ta kai inda matar ba ta taɓa zuwa ba tana da rai.

Mas'ud bai yi gaba da shi ba. Da Malam Muhammad ya kwanta rashin lafiya ya je dubiya, da Ruƙayya ta sake haihuwa ya aiko da man shanu. Ya ce ya yafe, kuma Badaru ya yarda ya yafe ɗin. Sai dai yafiya daban, iya zama kusa da mutum daban. Bakin da ya yi masa muryar uwarsa daga cikin rijiya, ba zai iya zama yana sauraron hirarsa ba, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Kullum da hantsi yakan wuce ta gaban shagon da jarkokinsa, ya rage gudu, ya ɗaga hannu ya ce, “Malam Badruddeen, barka da kasuwa.” Badaru ya fito da sauri har bakin titi yana amsawa, amma Mas'ud ba ya kashe babur.